Ranar Babba da Ranar Mai Hoto

Duk wanda ya zauna da Kawu Idi Mai Get ya san bai taɓa tauna goro a gefe ɗaya kwana biyu a jere ba. In yau kuncin dama ya ci, gobe na hagu ne, ko da kuwa a hagun ne haƙori ke ciwo. Na taɓa tarar da shi a zaure yana tauna yana matse ido, hawaye na bin gemu. Na ce, "Kawu, don Allah mayar da shi ɗaya gefen mana."

Ya girgiza kai ya ce, "Jiya ya ci nasa."

Haka yake da komai. Hula biyu gare shi, kowacce da ranarta, duk da ɗayar ta koɗe har ba a gane launin da aka saye ta da shi. Masu shayi biyu ne a bakin titin garinmu. Ɗaya shayinsa mai kauri ne, ɗayan kuwa ruwan zafi ne da aka nuna wa ganyen shayi daga nesa. Kawu bai taɓa tsallake ranar na biyun ba. Zai kurɓa, ya ɓata fuska, ya shanye tas, ya ajiye kofin ya ce, "Allah Ya shirye ka. Sai jibi."

Ku da kuka tashi a ƙauyukan nan na tsakanin Kura da Bunkure kun san inda ya samo halin. Ruwan kanal da muke noman rani da shi ba ya isar kowa a lokaci ɗaya, don haka rabawa ake yi, wannan ɓangaren gonaki yau, wancan gobe. Shi kuwa Kawu, tun ina goye har na yi aure na haihu, shi manoma suka damƙa wa makullin get, wato ƙofar ƙarfen da ake ɗagawa ruwa ya shigo ƙaramin kanal ɗinmu. Makullin na rataye a wuyansa da igiyar fata, har wanka da shi yake shiga. Rabon ruwan ne ya shiga jininsa, daga nan ya bi goro da hula da shayi.

Kun tuna Alhajin nan da ya zo daga birni ya kama wata ƙatuwar gona ya zuba albasa? Ruwansa ranar Talata ne, shi kuwa tun Lahadi ya ga ganye ya fara langaɓewa, hankalinsa ya tashi. Sai ga shi a bakin get da mota, aka sauke wani rago fari tas mai murɗaɗɗen ƙaho.

"Malam Idi, ga ɗan abin miya a kai wa iyali."

"Madalla. Allah Ya saka da alheri."

"Af, na ce ko za a ɗan sakar mini ruwan nan, ko na ɗan lokaci ne."

Kawu ya miƙe. Ya ɗauki bokiti, ya sauka kanal ya ciko shi, ya ajiye a gaban ragon. Ragon ya sha ya ƙoshi. Sannan ya kwance igiyar ya miƙa wa Alhaji ya ce, "Shi baƙo ne, ya sha rana, ba shi da laifi. Albasa kuwa 'yar gida ce, ta san Talata."

Kada ku ce don ba gonarsa ba ce. Wata shekara ruwa ya yi ƙaranci, tumatirinsa yana cikin fure ya kama bushewa, ga makulli a wuyansa. Matarsa, Inna Rabi, ta yi lallashi, ta yi faɗa, ta koma lallashi. Ta ce, "Malam, ɗaga shi kaɗan kawai, wa zai sani?" Ya ce, "Makullin zai sani." A shekarar nan, a garin da ake loda tumatir a manyan motoci, Inna Rabi da na gwangwani ta yi miya. Har yau ba ta yafe masa ba, kodayake in ta ba da labarin sai ka ga tana ɗaga kai.

Ni kuwa tawa rigimar da shi a kan kwamfuta ce. Ga waɗanda suka san ni a fuska kawai, ni ce Bilkisu, 'yar ƙanwarsa, mai koyar da kwamfuta a makarantar 'yan mata a Kura. Ba ni da haƙuri, wannan kowa ya shaida, shi kuma Kawu ba shi da gaggawa, to kun ji haɗin.

'Ya ɗaya Allah Ya bar wa Kawu, Hajara, wadda ke aikin jinya a wani asibiti a Jidda, can take zaune da mijinta. Da yake 'yar fari ce, bai taɓa kama sunanta ba. "Mutanen Jidda" yake cewa, ko da ita kaɗai yake nufi. Da ta haihu, aka sa wa yarinyar sunan mahaifiyar Kawu, ana kiranta Ummi. Duk son da kunya ta hana shi nuna wa uwar, sai ya kwashe ya juye wa jikar. "Iyata" yake ce mata, bakin nan har kunne.

A daidai lokacin ne kuma idonsa ya fara tafiya. Hawan jinin ido ne. Likita a Kano ya ce abin da ya tafi ba ya dawowa, magani sai dai ya rage wa ciwon gudu. Ganinsa ya riƙa tsukewa daga gefe-gefe, har ya ce mini ji yake kamar yana leƙen duniya ta cikin bututun ban ruwa. Saboda idon ne ma ƙungiyar manoma ta karɓi makullin ta ba wani, aka haɗa shi da godiya da addu'a da sabuwar riga. Daga nan ba abin da Kawu ya sa a ransa sai ya ga Iyarsa da kyau kafin ɗan ganin da ya rage ya ƙare.

Waya ta yi masa ƙanƙanta. Sai Hajara ta aiko da tsohuwar laftof ɗinta, na haɗa masa ita da babbar talabijin a ɗakinsa, aka ja wuta daga solar gidan. Ta burauza ake yin kiran, wato manhajar da ake shiga intanet da ita. Murya tana fita lafiya, amma hoton sai a hankali. Hajara za ta buɗe baki ta daskare a haka, kana kallon haƙoranta kana jin maganarta, sai can ka gan ta ta koma wani gefen. Fankar cikin laftof ɗin kuwa ta dinga nishi kamar injin casar shinkafa.

Kawu ya ce sabis ne. Ya sa aka ɗaure 'yar na'urar intanet ɗin a kan gora aka kafa a saman rumbu. Hoto bai gyaru ba. Ya sa aka mayar da ita kan darbejiyar ƙofar gida. Inna Rabi ta ce saura hasumiyar masallaci, kuma in za a hau a gaya mata ta fita unguwa.

Wata Asabar na zo na zauna na duba abin da kyau. Sabis lafiyarsa ƙalau. Sai na shiga setin ɗin burauzar, na gangara wajen da ke kula da na'urar kanta, ga maɓallin nan da aka rubuta wa hardware acceleration da Turanci, a kashe, launinsa toka-toka. Na yi tsaki na ce, "Ashe kai ne."

Kawu ya ce, "Wa?"

To a nan ne bakina ya ja mini. Da na danna abina na yi shiru, da an wuce wurin. Amma malama ce ni, in ban yi bayani ba sai in ji kamar ban ci abinci ba. Na ce, "Kawu, a cikin kwamfutar nan ma'aikata biyu ne. Akwai babba, ana ce masa firosesa, shi ke lissafi da tunanin komai. Akwai kuma wani da aka yi shi musamman don hoto da bidiyo. To burauzar ta ɗora wa babban komai har da hoton, shi ya sa kake jin yana nishi, shi kuwa mai hoton yana zaune ba a kira shi ba. Wannan maɓallin shi ne zai ce masa ya tashi."

"Yana zaune?"

"Yana zaune."

"Yana shan wutar solata?"

"Kaɗan dai."

"Tashe shi."

Na taɓa maɓallin ya koma shuɗi, na rufe burauzar na sake buɗe ta, don ba ya kama aiki sai an yi haka. Sannan na buɗe tashar da ke nuna ɗawafi kai tsaye daga Makka, wadda da in an buɗe ta sai ka ga alhazai suna ɓacewa a nan suna ɓullowa a can. Sai ga su suna zagayawa sumul, har kana ganin gefen harami yana kaɗawa. Kawu ya ja kujera ya kai hanci kusa da talabijin, ya daɗe yana kallo, ya ce, "Ikon Allah. Yau alhazai sun samu ƙafa."

Ina tattara jakata ya karkata kunne ya ce, "Bilki, ina nishin?"

Na ce, "Ya daina, Kawu. An sauke wa babban kaya, ya samu ya huta."

Ya sake kai kunne jikin laftof ɗin. Ni kuwa na tafi gida ina jin kaina, har na ba maigidana labari da ƙari.

Washegari da hantsi sai ga kiransa. Na same shi a zaune gaban laftof, ya sa sabuwar rigar da ƙungiya ta ba shi, fuskar nan irin ta ranar sasanta rikicin ruwa.

"Zauna. Wannan babban, tun yaushe yake ɗauke da hoton nan?"

"Tun da aka sayi kwamfutar, ina jin."

"Ya taɓa cewa ba zai yi ba?"

"Ba ya iyawa ne da kyau, Kawu, ai kai ma ka gani."

"Ban tambaye ki ko ya iya ba. Ya taɓa ƙi?"

"A'a."

"To jiya da ɗan yatsa ɗaya kika karɓe aikin kika ba wanda ya kwashe shekaru yana barci."

Na ce, "Haba Kawu, ƙarfe ne fa. Kuma ba korarsa na yi ba, sauran aikin duk nasa ne. Hutu kawai ya samu."

Sai ya kai hannu ya shafa wuyansa, daidai inda igiyar makulli ta bar masa zane. Ya ce, "Ni ma haka suka ce mini. Wai na huta."

Na ji tausayinsa har cikin raina, shi kuwa ya yi amfani da wannan damar ya yanke hukunci. Asabar, Lahadi da Litinin na Mai Hoto ne. Talata, Laraba da Alhamis na Babba. Juma'a a rufe kwamfuta, kowa ya tafi masallaci. Ya ƙara da cewa rabon ya kama daga ranar, kuma kamar na ruwa, sau ɗaya ake sake shi a shekara, in an girbe shinkafar rani.

Dole na koya masa hanyar maɓallin. Na ƙara wa rubutun girma har kowane harafi ya yi kamar kan sarki, ya haddace wurin da yatsa. Duk safiyar Talata sai ya yi bisimilla, ya mayar da shuɗin toka, ya rufe burauza ya buɗe, ya jira fanka ta ɗauki nishi, sannan ya ce, "Babba, an dawo maka." Ranar Asabar kuma ya mayar da tokar shuɗi, ya ce, "Tashi, malalaci, ranarka ce." Har ya rasu bai daina yi wa Mai Hoto kallon ɗan gata ba.

Abin ya fita gari. Dattawan da ke zuwa ɗakinsa kallon tafsiri da bidiyon yadda ake dashen shinkafa da inji a ƙasashen waje sai su tsaya a zaure su tambayi Inna Rabi, "Yau ranar wa?" In ta ce ta Babba, sai kowa ya tuna yana da aiki a gona. Har ta kai in ka shiga a-daidaita-sahu a Kura ya kama rarrafe a hanya, sai ka ji wani a baya ya ce, "Direba, yau ranar Babba ce?" Wasu masu faɗin ma ba su san inda maganar ta samo asali ba.

Inna Rabi ba ta yi boko ba, amma launi ai ba ya buƙatar boko. Ta tsaya a bayansa sau da yawa tana kallon inda yatsansa ke bi. Wata Alhamis ya tafi ta'aziyya Bunkure, ta lallaɓa ta mayar da maɓallin shuɗi, har da rufewa da buɗewa, ta zauna ta sha kallon wa'azin wata malama sumul. Da ta ji sallamarsa sai ta bar abin a haka, tana ganin mai leƙe ta bututu ina zai lura da ɗan maɓalli. Kawu ya shigo, ya cire takalmi, ya tsaya a tsakiyar ɗaki.

"Rabi."

"Na'am, Malam. Sannu da hanya."

"Wa ya rasu a gidan nan?"

"Subhanallahi, wane irin zance ne wannan?"

"Na ji shiru ne. Yau Alhamis, ban ji nishin Babba ba."

Ta ce ita ba ta san komai ba, wataƙila ya ji sauƙi ne. Ya ce in haka ne a ƙara masa Asabar ya gwada ƙarfinsa. Haka Inna ta jawo wa duk unguwa asarar Asabar guda, dattawa suka yi ta yi mata ciwon baki.

Duk wannan dariya muke yi, har ranar da asibitin su Hajara ya mayar da hutunta Laraba. Sauran ranakun tana fita yarinya ba ta tashi ba, ta dawo ta riga ta yi barci. Kiran Jidda ya koma ranar Babba ke nan, kowane mako. Da farko abin bai dami Kawu ba. Jariri a kwance, ko hoto ya daskare ba ka ganewa. Da Ummi ta fara zama ma haka, sai ya ce ai ta iya nutsuwa, halin mai sunanta ne.

Sai ta fara tafiya.

Hajara ta ɗauke ta a bidiyo ta turo. Na adana shi har Asabar, na kunna masa a ranar Mai Hoto, ina ganin na yi wayo. Ya kalla har ƙarshe, ya ce, "Ta yi kyau. Amma wannan ta riga ta yi tafiyarta ta gama, ba wurina ta zo ba. Ni so nake in kira ta, ta ji, ta taho."

A makon ne na raka shi Kano wajen likita. Likitan bai ɓoye ba. Ya ce na hagu ya riga ya tafi, na dama kuma abin da ya rage kaɗan ne, duk abin da Baba yake son gani kada a ce sai an jima. A hanyar dawowa muka bi ta gefen gonaki, ga shinkafar rani ko ciki ba ta yi ba, balle a yi zancen girbi. Na nuna masa da baki, na ce, "Kawu, rabon nan fa." Ya ce, "Ba a girbe ba." Na ji haushinsa ya kama ni har na juya masa ƙeya.

Ranar Laraba bayan azahar muka zauna mu uku a ɗakinsa, ni da shi da Inna. Fanka tana ta nishinta. Hajara ta fito a talabijin, ta gaishe shi, ya amsa yana kallon gefe kamar yadda ya saba. Ta ce, "Baba, ga ta can a bakin ƙofa, kira ta."

Ya matsa har gwiwarsa na taɓa teburin. Ya gyara murya ya ce, "Iyata. Taho, Iyata."

Muka ji dariyar yarinya. Muka gan ta tsaye riƙe da ƙyaure, cikin 'yar riga ruwan ɗorawa. Hoton ya tsaya. Muna jin Hajara tana cewa, "Ga ta nan, ga ta nan, Baba ka gani?" Da hoton ya motsa, yarinya tana jikin gwiwar uwarta.

Kawu ya ce, "A mayar da ita."

Aka mayar da ita bakin ƙofa. Ya kira. Aka sake yin haka, ga ta a can, ga ta a nan. A karo na gaba Ummi ta fara gajiya, ta zauna a ƙasa tana neman kuka. Hajara ta ce, cikin muryar da ta san halin ubanta, "Baba, ko mu bari sai wani makon?"

Kawu ya ce a hankali, ba da kowa ba, "Na gan ta a ƙofa, na gan ta a nan. Tsakanin fa?"

Inna Rabi ta ajiye maficinta. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Malam, ni na gaji da faɗa. Ni ina da wani makon. Kai ne ban sani ba."

Fanka ta ci gaba da nishinta. Ni hannuna har ƙaiƙayi yake in danna maɓallin nan in huta, in ya so ya kore ni daga gidan. Amma na san in na yi haka zai rufe idonsa ne ya ƙi kallo, don na san wanda nake zaune da shi.

Can ya ce, "Mutanen Jidda, ku ɗan jira." Ya juyo wajenmu. "A rabon ruwa akwai aron rana. In shukar mutum za ta mutu, yana iya zuwa wajen mai ranar ya roƙa, a gaban shaidu biyu. In mai ranar ya yarda, a ba shi, daga baya ya mayar. In bai yarda ba, shi ke nan."

Inna ta ce, "Akwai wannan, ka bar tumatirina ya bushe?"

"Mai riƙe da makulli ba ya roƙo, Rabi. In ya roƙa, wa zai iya ce masa a'a? Yanzu kuwa ba ni da makulli."

Ya miƙa hannu yana lalube har ya samu laftof ɗin, ya ɗora tafinsa a gefen da iska mai zafi ke fitowa. Wallahi na so in yi dariya, sai na ga da gaske yake yi.

Ya ce, "Babba, ka san ni. Ban taɓa danne maka rana ba, kuma tunda nake ban taɓa roƙon rana a wurin kowa ba. Yau na roƙa. Iyata ce ta fara tafiya, ni kuma idona ba zai kai girbi ba. Ara mini yau, in mayar maka Asabar. In ka yarda, ka yi shiru."

Ya ɗauke hannunsa ya ce, "Bilki, tambaye shi."

Na ce wa Hajara za mu katse mu sake kira. Na mayar da maɓallin shuɗi, na rufe burauzar na buɗe, na sake kiran. Muka zuba kunne. Nishin ya yi ƙasa, ya ƙara yin ƙasa, ya ɗauke.

Kawu ya ce, "Kun dai ji. Ku ne shaidu."

Inna ta ce, "Mun ji," tana share ido da gefen mayafi.

Hajara ta lallashi yarinyar, ta ba ta ruwa, ta kai ta bakin ƙofa ta tsayar. Kawu ya rufe idon hagu da tafin hannu, ko da yake ba abin da yake gani da shi, ya saita na daman a kan talabijin yana ɗan juya kai har ya same ta.

"Iyata. Taho."

Ta saki ƙyauren. Ta ɗaga hannuwa sama, ta jefa ƙafa ɗaya, ta yi tangal-tangal, ta jefa ɗayar. Ta taho tana dariya, miyau na zuba, ba inda hoton ya tsaya. Ba ta je wajen uwarta ba, wajen muryar ta nufo, ta yi ta girma a talabijin har fuskarta ta cika shi, ta kai hannu ta dafa gilashin wayar. Kawu ya ɗora nasa a kan na talabijin.

Ya daɗe a haka. Can sai ya ce, "Kun ga yadda take ɗaga kafaɗar dama tana jefa ƙafa waje? Haka mai sunanta take tafiya in ta ɗauko ruwa." Sannan, a gabanmu, ba tare da ya kalli gefe ba, ya ce, "Hajara, Allah Ya yi miki albarka." Ita kuwa da ta ji sunanta a bakinsa sai ta fashe da kuka, yarinya ta ga uwa na kuka ita ma ta kama, Inna ta taya su, ni ma ban tsira ba. Kawu ya ce, "To ku yi a hankali mana, rana ce ta aro."

Ranar Asabar ya mayar wa Babba ranarsa cif. Dattawa suka zo zaure suka ji labari, suka juya, amma wannan karon ba wanda ya yi ƙorafi.

Ganin nasa bai kai girbi ba, kamar yadda ya faɗa. Shinkafa tana fitar da kai ya wayi gari ya tambayi Inna ko ba a buɗe taga ba, alhali rana ta cika ɗakin. Bai yi raki ba. Ya dai miƙa wa Inna ragamar maɓallin, ya ce ita ke da ido yanzu, ta yi adalci. Adalcin Inna kuwa shuɗi ne daga Asabar har Alhamis. Yana jin shirun, ya ce, "Rabi, Allah na ganinki." Ta ce, "Yana ganina sumul."

Da damina ta zagayo Hajara ta samu hutu suka zo gida. Ina tsakar gidan lokacin da aka sauke Ummi daga kafaɗa. Kawu na zaune a kan tabarma a gindin rumbu. Ya ce, "Iyata," sai ta saki zanin uwarta ta nufe shi. Inna ta matso kusa da kunnensa ta fara, "Malam, ga ta nan ta taho, tana..."

Ya ɗaga mata hannu. "Bari, Rabi. Kafaɗar dama a sama, ƙafa tana jefawa waje. Na san tafiyarta. Na gani."

Ya buɗe hannuwa daidai inda za ta faɗo, ta kuwa faɗo ciki.

A ranin da ya biyo baya ya rasu, bayan 'yar gajeriyar jinya. Allah Ya jiƙan Kawu Idi, Ya yafe masa kurakuransa, Ya haskaka kabarinsa. Ya Allah, idanun nan da Ka karɓa, Ka mayar masa da su a inda gani ba ya ƙarewa. Ka sada shi da iyarsa ta farko, Ka raya mana ta biyun. Amin.